Labulen Birnin Ruwa

Matso nan cikin inuwa, ajiye jakar taka ka miƙe ƙafa. Layin motocin nan ba yanzu zai motsa ba, kwastan namu ba su gama ba, balle a kai ga duwan na Nijar. Ka hango wancan shagon mai koren ƙyaure, wanda ke manne da na tela? To labarin mai shi zan ba ka, Baba Lado mai hoto.

Lado haifaffen Gangara ne, ɗan manomi. Tun yana ƙarami hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. In aka aike shi ɗebo gawayi, sai a tarar da bangon rumbu ya cika da zane. Da uban ya ga wannan ba zai yi noma ba, sai ya kai shi Katsina wurin masu fentin bayan manyan motoci, ya koyi furanni da rubutun addu'ar hanya. Daga baya ya samu wata tsohuwar kyamara a hannun wani Bamaraɗe, ya dawo nan Magama ta Jibiya ya buɗe shago, ya auri Bilki, ya zauna. Har yau bai taɓa wuce Maraɗi ta arewa ba, bai wuce Kano ta kudu ba.

Amma fa duniya tana cikin shagon nan a naɗe. Labulaye ne manya na farin yadi, shi ya zana su da hannunsa, mutum ya tsaya a gabansu a ɗauke shi. Direbobi da 'yan kasuwa ke kawo masa tsofaffin kalanda, ya kalla ya kwaikwaya. Akwai hasumiyar ƙarfe ta Faris. Akwai dalolin Misira cikin rairayi. Akwai farin ginin nan na Indiya, Taj Mahal, da doguwar ganuwar Sin tana hawa duwatsu kamar maciji, da benen Dubai wanda sai da ya lanƙwasa kansa kaɗan don yadin bai kai ba. Akwai kuma hasumiyar laka ta masallacin Agadas, da itatuwa sun fito ta jikinta. Ba zan ce maka sun yi kama sosai ba. Ganuwar Sin ɗinsa ja ce kamar ƙasar Katsina, kuma a gefen Taj Mahal ya dasa bishiyar bedi, wato darbejiya, har biyu, wai wurin ya yi fili da yawa.

Abu biyu ne Lado bai taɓa saɓawa ba a zanensa. Na farko, ba ya zana mai rai, ko tsuntsu. Yana saurayi wani malami a Farfaru ya gaya masa duk wanda ya zana mai rai, ranar lahira za a ce ya hura masa rai, maganar ta zauna masa. Na biyu, kowane wuri ya zana, sai ya kafa masa rumfar kara a gefe guda, ya shimfiɗa tabarma, ya girke randa da moɗa a kife a kanta, irin wadda ake ajiyewa a ƙofar gida sadaka ga mai wucewa.

Nagoggo tela, maƙwabcinsa, tare suka tashi, shi ya sa ba ya raga masa.

"Kai Lado, mutanen Faris da sanyi ke neman kashewa, mi za su yi da randa?"

"Wa ya ce maka don su na aje? Don namu ne da za su je."

"To hoton da kake ɗauka hwa? Ba mai rai ba ne?"

"Inuwa na kama, ban ƙera kowa ba. Kai da kake yanke ma mutane wando ƙahwa ɗaya ta hi ɗaya, kai ne za ka yi bayani."

Haka suke wuni. Da wayoyi suka cika gari, sana'ar hoto ta mutu kusan ko'ina, amma ta Lado ba ta mutu duka ba, saboda wata al'ada da samari masu ƙetarawa suka ɗauka. Duk wanda zai bi ta Agadas ya shiga hamada neman aiki a Libiya ko Aljeriya, ko ya wuce gaba, sai ya tsaya shagon Lado kafin ya hau mota. Ya zaɓi labulen da ya fi kusa da inda zuciyarsa take so, ya gyara hula, a ɗauke shi, ya tura wa tsohuwarsa. Kowa ya san fenti ne. Su dai suna cewa fata nagari ne, mutum ya ga kansa a can tun kafin ya isa.

Akwai wani yaron ƙauyen Kusa, Badaruddeen, dogo, yana da jar hula da ba ya raba ta da kansa. Ya zo da jarkarsa ta ruwa a naɗe cikin buhu, yadda masu shiga hamada suke yi. Ya zaɓi dalolin Misira.

"Ba Misira zan je ba, Baba, amma ai duk rairayi ne," ya ce yana dariya.

Bayan wasu makonni, da hantsi, Lado ya warware labulen zai kakkaɓe shi. Sai ya ga wani abu a ƙarƙashin rumfar da ya zana, ɗan ƙarami, bai fi babban yatsa ba. Ya ɗauka zanzaro ne ya yi ɗaki. Ya sa farce, bai fita ba. Ya jawo labulen bakin ƙofa inda haske yake. Mutum ne zaune a kan tabarma, ya ba da baya, da jar hula. Moɗar da Lado ya zana a kife kan randa, yanzu tana hannun mutumin.

Ya kira Nagoggo. Tela ya zo da tsiya a bakinsa, ya duƙa ya duba, tsiyar ta tsaya.

"Kai ka zana wanga?"

"Ka taɓa ganin na zana ko ƙuda?"

Lado ya dama fenti ya shafe shi. Washegari da ya buɗe shago, mutumin yana nan zaune, fentin da aka shafa kamar ba a yi ba. Ba a jima ba wani direba ya sauko daga arewa da labari: motar su Badaruddeen ta lalace can bayan Dirku, inda babu rijiya, kuma ba a same su da wuri ba.

Nagoggo ya ce a ƙona labulayen. Lado ya je wurin limamin unguwa, liman ya ce ya yawaita istigfari, kada kuma ya riƙa ba mutane labari. Ya yi niyyar ƙonawa, har ya fito da su tsakar gida. Abin da ya hana shi, uwar Badaruddeen ce. Ban san wanda ya gaya mata ba, ta taho daga Kusa ta yi sallama a shagon, ta ce a nuna mata. Ta daɗe a tsugune tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Da za ta tashi ta ce, "To, ya dai samu ruwa. Allah shi yi ma albarka, Malam."

Tun daga nan Lado bai ƙara maganar wuta ba. Mafi yawan samarin da suka tsaya gaban labulayensa sun isa lafiya, wasu sun dawo da babur, wasu da ciwon ƙirji. Amma jefi-jefi sai a samu ƙarin mutum a wata rumfa. A gindin hasumiyar Agadas akwai su da yawa, kafaɗa da kafaɗa, duk sun ba da baya. Ba wanda ya taɓa juyowa, ba kuma wanda ya zauna ya ƙara tashi. Lado ya riƙa roƙon samari su bar hoton nan, su yi masa dariya, su ɗauki kansu da wayarsu. Ya gane ba labulen ne ke kashe su ba, hanya ce. Labulen karɓar baƙi kawai yake yi.

Lado da Bilki 'ya'yansu mata ne, sai namiji guda, shi ne ɗan fari, Abdulfatah. Bilki ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "yaron nan". A gindin labulayen nan ya yi rarrafe. Kafin ya iya sunan ƙauyukan Jibiya ya iya na Faris da Dubai. Da ya girma yana lodin kaya a tasha yana samun na kansa, har aka rufe iyaka bayan sojoji sun karɓi mulki a Nijar. Manyan motoci suka yi layi har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu, samari suka zauna ba aiki. Lokacin ne ya nuna wa uban wani hoto a waya.

"Baba, kalli wannan. Banis ake ce mata, a Italiya. Titunansu duk ruwa ne. In za ka gidan maƙwabci sai ka hau jirgi."

Lado ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa. "Ambaliya ce aka yi masu?"

"Haka suka gina garin."

"To Allah shi kyauta. Ina suke ɗaure akuya?"

Yaron ya matsa masa ya zana, shi kuma hannunsa ya yi ƙaiƙayi, don bai taɓa zana ruwa mai yawa haka ba. Ya yi dogayen gidaje masu tagogi suna fitowa kai tsaye daga cikin ruwa, da gada mai lanƙwasa, da wata babbar ƙubba can nesa. Ya fi duk sauran kyau. Sai da ya gama ya lura babu inda zai kafa rumfa. Ba tudu, ba gaɓa, ko taki ɗaya na ƙasa babu. Ya juya buroshi a hannu ya juya, ya ce ai rumfa ba ta tsayawa kan ruwa, ya bar shi haka. Shi kaɗai ne labulen Lado da ba shi da wurin saukar baƙo.

Da aka buɗe iyaka Abdulfatah ya ce zai tafi. Uban ya hana, uwar ta yi kuka, kawunai suka yi magana, bai ji ba. Ranar tafiya ya ce a ɗauke shi gaban birnin ruwa.

"Ba da hannuna ba," in ji Lado.

Ya tafi sallar azahar. Kafin ya dawo yaron ya warware labulen, ya ɗauki kansa da waya cikin wata rigar ƙwallo ruwan ɗorawa, ya hau mota.

Ya kira daga Agadas. Ya kira daga Sabha, muryarsa ta dushe. Bayan watanni ya kira daga bakin teku, ana jin iska tana kaɗa wayar, ya ce suna jiran ruwa ya kwanta su hau jirgi. Bilki ta karɓi wayar, ta ce, "Ka ci abinci?" Daga nan wayar ba ta ƙara shiga ba.

Ka san yadda mutum yake buɗe ƙyallen da aka ɗaure ciwo da shi? Haka Lado ya riƙa warware labulen nan kowace safiya, a hankali, yana bismilla. Ruwa, gidaje, gada, ƙubba, ba kowa. Ya naɗe ya yi hamdala. Damina ta faɗi, gero ya yi kai, yana yi. Rannan da safe, rana ta fito fes, masu ƙosai suna ta ciniki a waje, ya warware ya ga ɗigo a tsakiyar ruwan, nesa da kowane gida. Kai ne da kafaɗa ɗaya, ruwan ɗorawa, da hannu a ɗage sama.

Nagoggo ne ya je ya kira Bilki. Ta shigo da mayafi a karkace, ta duƙa, ta sa yatsa a kan ɗigon kamar mai taɓa goshin jinjiri.

"Malam, hidda shi."

"Da mi zan hidda shi, Bilki?"

"Ka yi mai tudu. Ka yi mai rumfa irin ta kowa. Ɗiyan mutane duk ka ba su wurin zama, naka ka bar shi cikin ruwa?"

"Ki dubi waɗancan," ya nuna sauran labulayen da ke jingine. "Akwai wanda ya zamna ya tashi? Shi bai zamna ba. Bai ba mu baya ba. Hannunshi sama yake. In na yi mai rumfa, ni na zamnad da shi."

A waje wani kwandasta yana ta kiran Maraɗi, Maraɗi, mutum ɗaya ya rage. Nagoggo ya share gumi da hularsa ya ce, "Ku biyu kun rikice. Wanda ke cikin ruwa jirgi ake kai mashi. Jirgi ba mai rai ba ne, Lado, ba ka da hujja."

Lado bai san jiragen mutanen Banis ba sai a hoto, don haka ya zana wanda ya sani: ƙaramin kwale-kwalen katako irin na masuntan dam ɗin Jibiya, da facin kwalta a gefensa. Ya ajiye shi dab da hannun da ke ɗage. Bai zana matuƙi ba. Bilki ta roƙe shi ya sa, ya ce ko na ɗansa ne ba zai zana mai rai ba.

Washegari ba kowa a cikin ruwan. A cikin kwale-kwalen akwai mutum a kishingiɗe, rigarsa ruwan ɗorawa, hannu ɗaya yana lilo a waje. Ba a iya gane ko fuskarsa tana kallon su ko tana kallon can, ƙanƙantarsa ta yi yawa. Kuma jirgin ba ya inda aka zana shi. Ya gusa wajen hagu kamar faɗin yatsa, inda yake jiya ruwa ya rufe sumul.

Bilki ta yi guɗa a cikin shagon, abin da ba ta yi ba ko ranar auren 'ya'yanta. Ta je gida ta dama fura ta raba wa masu jiran mota.

Jirgin ya ci gaba da tafiya. Ba a taɓa ganin motsinsa da ido ba. Nagoggo ya taɓa barin ɗinkinsa ya zauna ya tsura masa ido tun hantsi har la'asar, bai ga komai ba, amma da ya soka allura a yadin daidai hancin jirgin, washegari jirgin ya wuce ta. Ya bi ta ƙarƙashin gada ya fito. Ya wuce gida mai koren taga. Ba filafilin tuƙi, ba matuƙi, yana ta nufar gefen labulen na hagu, ɓangaren da ke kallon ƙofar shago.

Nan ne rigimar ta tashi tsakanin miji da mata. Bilki ta ce ƙofa yake nufa, gida zai zo, ranar da jirgin ya fita daga yadin ranar za ta ji sallamarsa ko wayarsa. Lado ya ce ba wanda ya san abin da ke bayan bakin yadi. Muddin jirgin yana cikin labule, yana ganin ɗansa kowace safiya, ya san bai zauna a rumfa ba. In ya fita kuma ba a ji sallama ba, shi ke nan, ba ɗa, ba kabari, ba ko ɗigon da zai kalla.

Da hancin jirgin ya kusa kaiwa ƙarshe, Lado ya sayo yadi bai gaya mata ba. Nagoggo ya ɗinka masa a gefen, shi kuma ya zana ƙarin ruwa. Bai san abin da ke gaba da hoton wayar ba, don haka bai sa gida ko gada ba, ruwa ne zalla. Jirgin ya haye ɗinkin ya shiga sabon ruwan.

Da Bilki ta gani ta zauna a ƙasa daɓas.

"Malam, mi na yi maka? Yaron nan ya kusa kai gaɓa, ka ƙara mai ruwa."

"Ina ganin shi dai."

"Kana ganin shi! Ni abinci nake so in ba shi."

Ya yi mata alkawari ba zai ƙara ba. Da jirgin ya sake kusantar baki, ya kasa, ya ƙara. Labulen ya yi tsawo har ya zagaye kusurwar bango, sai da aka ɗauke Taj Mahal aka ba shi wuri. Mutumin da ke cikin jirgin bai tashi zaune ba, bai kuma janye hannunsa daga ruwa ba. Nagoggo ya ce a ganinsa rigar tana koɗewa, tana komawa fari-fari. Lado ya ce hasken ƙofa ne ke cin fenti.

Satin da ya wuce Lado ya sake shiga shagon tela da yadi a hammata. Nagoggo bai ɗago daga kekensa ba.

"Aje shi can. Ba ni ɗinkawa."

"Don mi?"

"Lado, wane yadi kake saye?"

"Wanda na saba. Alawayyo. Shi ke riƙe fenti."

"To ni wa ake kawo ma alawayyo a garin nan, kuma don mi?" Ya tsayar da keken. "Duk wanda ya rasu a unguwar ga, ni ke yanka mai likkahwani. Hannuna ya san awon, ko ban sa tef ba. Abin da ka ƙara zuwa yanzu, in ka haɗa da wanga na hammatarka, ya cika na namiji baligi cif. Ni ban ce komi ba, ban san gaibu ba. Amma ba da kekena za a cika shi ba."

Lado ya juya ya koma shagonsa.

Yau da safe na leƙa mu gaisa. Hancin kwale-kwalen ya taɓa kalmasar yadin, har wani ɗan yanki nasa ba a gani. Lado yana zaune a kan benci da sabon yadin a cinyarsa, ya samo allura ya zura zare da kansa, amma bai soka ba. Bilki tana bakin ƙofa, ta ba labulen baya, ta sa ido a kan titin da ya fito daga Nijar. Duk motar da ta tsaya sai ta miƙe ta ga masu sauka, ta koma ta zauna. Ga kwanon tuwo a rufe a gefenta. Ba ta ce masa kada ya ɗinka ba, shi ma bai ce mata zai ɗinka ba. Yadda jirgin yake tafiya, in ba a yi komai ba, gobe war haka ba ya cikin labulen.

To kai da kake shirin ƙetarawa, gaya mini tsakani da Allah: in kai ne Lado, za ka ƙara yadin ka ci gaba da ganin ɗanka a kan ruwa, ko za ka ajiye allurar ka bar jirgin ya fita?